Labarin da Mahaifiyata Ta Ba Waya

Akwai wani gida a bayan makarantar firamaren da muke ɗaukar darasi a Kankia inda ake dafa kalwa. Ban san masu gidan ba, ban kuma taɓa leƙawa ba, amma duk ranar da suka ɗora tukunya sai iska ta kwaso warin ta shigo mana da shi ta taga. 'Yan ajinmu sukan toshe hanci da gefen mayafi suna tsaki. Ni kuwa sai in ajiye fensir, don da zarar na shaƙe shi na bar ajin ke nan, na koma ƙauyen Ƙofa, ina ƙaramar yarinya tsugune a gaban murhu ina tura kara a wuta. In ka taɓa zama a gidan da ake yin daddawa ka san abin da nake faɗa. Warin nan ba ya barin tufa da wuri, ni kuwa har yau bai bar ni ba.

Ajinmu na manya ne, irin wanda a da ake ce wa yaƙi da jahilci. Bayan la'asar muke shiga, lokacin da yara sun tashi sun bar mana bencinsu. Bencin nan don ƙananan ƙafafu aka yi shi, saboda haka in mace irina ta cusa gwiwoyinta a ciki, fitowa sai da salati da taimakon maƙwabciya. Yawancinmu mun yi jikoki. Malamarmu kuwa na tabbata na girmi uwarta, amma tana da haƙuri, kuma in muka fara ƙorafin tsufa sai ta tuna mana cewa gemu ba ya hana ilimi. Wata tsohuwa mai sayar da ƙuli ta taɓa ce mata ai mu ba gemu gare mu ba, ciwon baya ne, shi kuwa yana hanawa.

Da muka iya haɗa baƙi muka fara karanta allon kan hanya, sai aka ƙara mana darasin tarihi. Nan ne na fi jin daɗi. Malama ta ba mu labarin tsohuwar Katsina da ganuwarta, da jihadi, da zuwan Turawa, da samun 'yancin kai, da yaƙin basasa. Wasu abubuwan na rayu a cikinsu ban san suna da suna ba. Wata rana ta rufe littafinta ta ce tarihin ƙasa ta iya karanto mana shi, amma na Kankia da Kusada da ƙauyukansu ba a rubuta shi da yawa ba, yana bakin tsofaffinmu, kuma kullum ana binne shi. Ta ce kowace ta je wurin wanda ya fi kowa tsufa a danginta, ta tambaye shi abin da ya gani da idonsa, ta ɗauko muryarsa a waya ta kawo mu saurara tare.

Kowa ya yi murna ban da ni. A danginmu babba ɗaya ta rage, ita ce mahaifiyata, tana zaune a Kusada wurin autarmu. Lafiyarta ƙalau, hankalinta garau, bakinta kuma bai mutu ba. Matsalar ita ce ni 'yar fari ce, kuma tun da nake ban taɓa zama na yi hira da ita ba. Yaran yanzu in na faɗi haka sai su ɗauka faɗa muka yi. Ba faɗa ba ne, kunya ce, kuma sai na koma da kai baya kafin ka gane nauyinta.

A wurinmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya faɗi ba ita ke rugawa ta ɗaga shi ba. Wadda ta yi haka sai a ce ba ta da ta ido, a yi ta yi da ita a gidan suna da bakin rijiya. Da lokacin yaye ya yi, sai a ɗauki yaron a kai wa kakarsa, sau da yawa kuma shi ke nan ya zama nata. Haka aka yi da ni. Mahaifina masinja ne a ofishin gunduma a Kankia, amma asalinsa mutumin Ƙofa ne, can aka kai ni yaye wurin mahaifiyarsa, can kuma aka bar ni. Na buɗe ido na ga Kaka, ita na ɗauka uwata. Wadda ta haife ni kuwa Yaya aka koya mini in ce mata, har yau haka nake kiranta. Ita ko ba ta kira na da komai. In ta zama dole ta ambace ni, sai ta ce “ta Ƙofa”.

Kada ka ɗauka Kaka ta wahalar da ni. Tsohuwa ce mai barkwanci, ƙawata take ce mini, kuma ba ta taɓa cin abu ta hana ni ba. Sai dai sana'arta daddawa ce, daddawa kuwa ba ta san yaro ba. Da bazara, in ɗorawa ta nuna, mu ne a gindin itatuwa tun da sassafe muna tsinta, bakinmu da hancinmu duk sun yi rawaya da garin. A ɓare, a fitar da kalwar, a tara ɓawon don makubar daɓe. Sai dahuwa, wadda ke cin kara kamar ba gobe, sai surfe, sai wanki, sai a sake dafawa a rufe ta da ganye a kuryar ɗaki har ta nuna. Ranar da aka buɗe, ko ɗan akuya ba ya son shiga gidan. Daga nan a daka, mu zauna a inuwar rumbu muna curawa muna latsewa da yatsu muna jerawa a kan tabarma. Na Kaka sukan fito daidai wa daida. Nawa kuwa ƙanana ne karkatattu, kowanne da shaidar 'yan yatsuna a kai, Kaka tana dariya tana cewa waɗannan sai dai a ba da su gyara.

Duniyata ba ta wuce dangar gidan nan ba, sai rijiya, sai makarantar allo da ke zauren liman, sai gonar da ke bayan gari. Da damina dawa takan tashi ta rufe ƙauyen ta ko'ina, har in ka tsaya a ƙofar gida ba ka ganin komai sai kore da ɗan siririn hanya. Nakan tsaya in kalli hanyar nan, don na san ita ce ke kai mutum Kankia, inda aka ce akwai kwalta da motocin da ke zuwa Kano. Wasu mata biyu ne ke saro daddawar Kaka su kai kasuwar can. Nakan taya su ɗora kaya in raka su har bakin gari, in ga daddawar da na cura ta tafi inda ni ban isa in je ba. Ba na jin yunwa, ba na rasa sutura, amma ina jin kamar akuyar da aka ɗaure a wuri mai ciyawa.

Mahaifiyata takan zo da Sallah ko in an yi haihuwa ko rasuwa. Takan zo da ƙannena, ɗaya a goye ɗaya a hannu, tana share musu hanci tana kiran sunansu. Ni kuwa an riga an koya mini nawa rabon kunyar. Da na ji sallamarta sai in gaishe ta daga nesa, kaina a sunkuye, in zame in shige bayan rumbu. Matan gida su yi ta yaba ni, suna cewa yarinyar nan akwai hankali. Daga bayan rumbun nake leƙenta. Na san yadda take ɗaura kallabi, na san tabon ƙuna da ke bayan hannunta, na san yadda take rufe baki in za ta yi dariya. Ban taɓa kama ta tana kallona ba, ko sau ɗaya.

Sai shekarar da gwamnati ta ce a kai kowane yaro makaranta kyauta. Labarin ya iso Ƙofa, mai unguwa ya bi gida gida, aka kuma ji cewa a Kankia har an rubuta ƙanena da ƙanwata da ke bi na. Kaka ta ce ita ba ta ga abin da boko zai ƙara wa mai cura daddawa ba, kuma in aka ɗauke mata ƙawa wa zai tura mata wuta? Ba wanda ya ja da ita. Ni dai Allah ya sani ina son makarantar nan kamar in yi kuka. Na taɓa ganin wata yarinya da farin hijabi da jakar leda a rataye, na yi kwanaki ina mafarkinta.

Ana cikin haka, wata rana da hantsi, ga mahaifiyata ta yi sallama ita kaɗai. Ba Sallah ba, ba suna ba, ba mutuwa ba, kuma ba goyo. Ƙafafunta sun yi futu futu, alamar ta sha tafiya. Kaka ta tambaye ta ko lafiya, ta ce lafiya lau, ta zo gaisuwa ne. Ta zauna a bakin tabarma ta taya Kaka jera daddawa, suka yi hirar tsadar gero da ciwon ƙafar Kaka da auren wata 'yar maƙwabta. Ni ina bayan rumbu ina kasa kunne, don na tabbata saboda ni ta zo. Ina jira in ji ta ce makaranta. Rana ta take, aka yi azahar, aka ci abinci, ba ta ce ba. Magana ɗaya ta yi da ta shafe ni, ita ma Kaka ta faɗa wa: “A ce ma yarinyar nan ta ba ni ruwa.”

Na kawo ruwan a moɗa na durƙusa. Ta karɓa tana kallon wani wuri. Kaka, wadda ba abin da ke wuce ta, ta dube ni tana murmushi ta ce, “Ƙawata, ko za ki bi wagga mata Kankia ki bar ni?”

Ka ga inda aka tsare ni? In na ce eh, na zama marar kunya mai gudun kakarta ta bi uwa, a gaban uwar ma. Abin da aka yi shekaru ana yabona a kai shi ya riƙe mini harshe. Na jira ta ɗago ido ko sau ɗaya, in samu abin kamawa, ba ta ɗago ba. Sai na girgiza kai na tashi da gudu na koma bayan rumbu, ina jin Kaka tana dariya tana cewa ai ta san ƙawarta ba ta yada ta. Da la'asar mahaifiyata ta yafa mayafinta ta kama hanya. Na bi ta da ido har dawa ta rufe ta, ba ta waiwayo ba. Daga ranar na yanke wa kaina cewa matar nan ba ta damu da ni ba, gaisuwar ce dai ta kawo ta kamar yadda ta faɗa. Na riƙe wannan a raina shekara da shekaru, kuma ya yi mini ciwo.

Sauran labarin ba shi da tsawo. Na yi aure, Kaka ta rasu, daga baya zama ya kawo mu Kankia, na ci gaba da sana'ar da na gada. Ƙannena suka yi karatu, auta har ta samu aiki a sakatariyar Kusada, ta ɗauke mahaifiyarmu ta koma da ita can bayan rasuwar mahaifinmu. Ina zuwa gaisuwa, ina kai cefane, in ta yi ciwo ina kwana a kanta. Amma maganarmu ba ta wuce ina kwana da ya jiki. In za ta ce in rufe mata ƙofa, sai ta ce a rufe ƙofa, kamar da iska take magana. Ga mu mun tsufa tare, furfurata ta kusa kamo tata, amma har yanzu ina bayan rumbu tana bakin tabarma.

To wannan matar ce Malama ta ce in je in yi wa tambayoyi. Na yi tunanin in ce ba ni da tsoho, amma wata 'yar ajinmu ta san gidanmu. Na yi tunanin in daina zuwa ajin, sai na ga an hana ni makaranta sau ɗaya, ba zan hana kaina na biyu ba. Gaba kura baya sayaki. Daga ƙarshe na kira auta na faɗa mata, ta yi ta dariya, ta ce in zo kawai, ita za ta yi tambayar, ni in riƙe waya. Auta ba ta san wannan nauyin ba. Ita tun tana ƙarama take hawa cinyar tsohuwar tana ja mata kunne.

Na shiga mota na sauka Kusada da hantsi, lokacin kaka ne, ko'ina an baje gyaɗa. Na tarar da ita a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa a faifai. Auta ta yi mata bayani, ta ce malamarmu ce ke son jin labarin da. Tsohuwa ta taɓe baki ta ce ita me ta sani, ita da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba? Amma ta gyara zama ta fuskanci auta, ta ba ni gefen kafaɗa. Na danna wayar na ajiye a kan tabarma tsakaninmu.

Auta ta tambaye ta yaƙin basasa. Ta ce ta tuna manyan motoci suna wucewa ta kan kwalta cike da samari, mata suna tsayawa bakin hanya suna yi musu addu'a, kuma ba ta manta lokacin ba don a cikinsa aka yaye “ta Ƙofa”. Aka tambaye ta shekarar da aka mayar da motoci hannun dama. Ta ce an yi ta shela, direbobi suna ta rikicewa a tasha, shekarar ce ta Ƙofa ta faɗa kan murhu ta ƙone gwiwar hagu. Canjin kuɗi, da aka bar sule da fam aka koma naira da kwabo, ta ce tsofaffi sun sha cuta a kasuwa, lokacin ta Ƙofa tana famfara, haƙoranta biyu na sama sun fita. Babban farin da ya kashe shanu ya koro mutane daga arewa, ta ce shekarar ce ƙyanda ta kwantar da ta Ƙofa har aka fid da rai.

Ina zaune hannuna ya kai kan gwiwata ta hagu ba da sanina ba. Tabon yana nan. Duk abin da aka tambaye ta na ƙasar nan, da ni take auna shi. Ba ta ce lokacin da aka haifi wane ko aka yaye wance ba, alhali ta haifi da yawa bayana. Auta ma abin ya ba ta mamaki, ta ce, “Inna, ke da kike Kankia, ya aka yi kika san duk wannan?” Tsohuwa ta ce ai masu kawo daddawa akwai su da surutu, in ka tambaye su mutanen gida sai su kwashe komai su faɗa maka. Ta ce ita ba ta taɓa tambayar kowa da suna ba.

Nan auta ta ji ƙaurin girkinta ta tashi da gudu ta shige madafa, ta bar mu mu biyu da waya. Ba abin da ake ji sai ƙarar ɓawon gyaɗa. Can sai na ga ta sunkuya ta dubi wayar da ke kan tabarma, ta nuna ta da yatsa, ta yi mata magana kamar mutum ne zaune.

“Kai abin nan, ka gaya ma malamar tasu, shekarar da anka ce a kai yara makaranta, na tahi Ƙohwa da ƙahwata. Na tahi in roƙi tsohuwa ta ba ni ita. Tun daga Kankia nike shirya maganar a bakina. Da na zauna, sai na ga in na buɗe baki na zama abin faɗi a garin, wadda ta zo ƙwace ɗiyar fari hannun uwar miji. Na ce bari in nemi ruwa, in ta matso kusa ko Allah ya sa ta kama mini zane, sai in ce kun gani, ita ta liƙe. Ba ta kama ba. Ɗiya ce mai kunya, haka anka koya mata. Na yi kuka tun daga bayan gari har na hau kwalta.”

Ta ɗebi gyaɗa ta ci gaba da ɓara. Sai ta ƙara da cewa, har yanzu wayar take kallo, “Ka kuma gaya mata, daddawar da ake kawowa, akwai ƙanana karkatattu da ake ba da su gyara. Ni su nike zaɓa. Mai kayan har tana ce mini ban iya sayayya ba.”

Ka san abin da na yi? Ban yi komai ba. Ga uwata a gabana, tsawon hannu ɗaya, ta faɗi abin da na yi rayuwata ina jira, amma ban iya ce mata ko na ji ba. Hawaye suna zuba a kan zanena, na juya mata baya don kada ta gani, ita ma ta ƙara juyawa don kada ta nuna ta gani. Haka auta ta dawo ta same mu, kowa ya ba ɗan'uwansa ƙeya, ta ce lafiya kuka yi shiru kamar gidan makoki? Tsohuwa ta ce hayaƙin girkinta ne ya dame mu. Da zan tafi ta ƙulla gyaɗa a leda ta ajiye a bakin tabarma, ta ce a ba ta Ƙofa ta kai wa yara.

Ranar da aka saurari muryoyin a aji, an ji abubuwa. Wata ta kawo kakan mijinta yana ba da labarin yadda ake kai auduga da gyaɗa kan jakuna, wata ta kawo gwaggonta tana lissafa unguwannin da a da gonaki ne. Da aka zo kaina na kunna, aka ji motocin soja da canjin kuɗi da fari, Malama tana rubuta shekarun a allo tana cewa kun ga yadda tsofaffi ke riƙe tarihi da abin da ya faru a gidajensu. Da muka iso inda auta ta tashi, sai na kashe. Malama ta ce ai kamar da saura. Na ce sauran shiru ne da ƙarar gyaɗa. Mai ƙuli, wadda ita ma 'yar fari ce, ta dube ni ta ce wa Malama ta ƙyale ni, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Yanzu zamani ya canza. Matan jikokinmu suna kiran ɗan fari da sunansa tun daga ƙofar gida, suna ɗaukar hotonsa suna nuna wa duniya. Da nakan ce ba su da kunya, yanzu na daina cewa komai. Don barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: ni ma da na haifi na farina, namiji, na kai shi yaye ƙauyen Boko wurin uwar mijina, na baro shi can, ban taɓa kiran sunansa ba. Ya girma, yana tuƙin mota tsakanin Kano da Katsina, yana da iyali. Yakan tsaya ya gaishe ni daga bakin ƙofa, ya ajiye abin da ya kawo, ya zauna can gefe yana danna waya har matarsa ta gama hira su tafi. Ban taɓa tambayar kaina abin da shi ya yanke a ransa game da ni ba, sai bayan na dawo daga Kusada.

Na yi niyya, wallahi na yi. Na ce in ya zo zan kira shi da sunansa, in ce zo nan kusa ka zauna. Na iya rubuta sunan ma yanzu, Malama ta koya mana. Da suka zo Juma'ar da ta wuce, na buɗe baki sai harshen ya yi nauyi kamar dutsen niƙa, na ji kaina ina cewa a ba baƙo ruwa. Abin da aka ɗaure ka da shi tun kana ɗanye ba ya kwancewa don ka shiga aji.

Sai na juya wurin matarsa, na ce bari in ba ta abin da muka koya a tarihi. Na ce mata shekarar da aka yanke mana jihar Katsina daga Kaduna, an yi ta kiɗa a garin nan, mutane suna ta murna a kan kwalta, amma ni ban fita ba, don a makon ne aka aiko mini cewa na Boko ya faɗo daga kan jaki ya karye a hannun dama. Na ce na kwana uku ban ci abinci ba, kuma ban iya zuwa ba, sai man shanu na aika a ba mai ɗori. Ita dai tana ta gyaɗa kai tana cewa Allah sarki. Ban dubi inda yake ba. Amma na ji lokacin da ya ajiye wayar, na kuma ji ya jawo kujerarsa ya matso.